Bikon Mai Taya Ɗaya

Yusha'u ya dawo daga ƙasar Sin da takardar digiri a kan aikin ban-ruwa, da farin tabarau, da wata na'ura mai taya ɗaya. Takardar ta shiga akwati. Tabarau ya faɗa kanal ɗin ban-ruwa tun a watan farko. Na'urar ce ta zauna daram, ita ce kuma ta yi sanadin tafiyar matarsa.

Taya ce guda, ta kusa ta babur girma, an lulluɓe ta da baƙar roba, batir a cikinta, feda biyu na ƙarfe a gefe. Babu kujera, babu abin riƙewa. Mutum ya hau ya tsaya ƙyam. In ya karkata gaba ta tafi, in ya jingina baya ta tsaya. A birnin da ya yi karatu masu kai wa mutane abinci ne ke hawanta, ba mai ko waiwayarsu. A Kura kuwa, ranar da ya fara fitowa da ita, wani mai rake ya saki baronsa a tsakiyar titi ya faɗa shagon mutane yana salati.

A yi mata adalci, tana da amfani. Kamfanin irin shuka da ya ɗauke shi aiki yana da gonakin gwaji warwatse a bakin kanal, tun daga bayan Kura har gefen Bunkure, kuma akwai siraran hanyoyin da ko babur sai an tura. Ita ba ta neman fili fiye da faɗin tafin hannu. Yana ɓullowa inda ba a zata ba, leburori suka daina barci a gindin mangwaro. Suka sa masa suna Mai Taya Ɗaya, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Matsalarta ƙafa. Mutum yana tsaye wuri ɗaya a kan ƙarfe, hanya tana girgiza shi ta ƙasa, yatsu suna ta damƙar cikin takalmi kamar za su riƙe wani abu. Da farko tafin ƙafa ya ɗau zafi. Daga nan ya yi tsami. In aka ci gaba sai ya yi shiru gaba ɗaya, ka duba ƙasa ka ga ƙafafu biyu amma ba ka da tabbacin naka ne. Yusha'u ya ɗauki wannan a matsayin matsalar injiniya, ya kuma tunkare ta kamar injiniya. Ya yi odar takalmi sau-ciki mai dogon wuya, wanda ke rufe idon sawu saboda ranar faɗuwa. Ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne mai tauri don nauyi ya bazu ko'ina, bakinsa da ƙarfe, igiyarsa tana hawa har ƙwauri, a sama kuma ga maɗauri. A ciki ya sa wata shimfiɗa mai laushi da ya yanka da almakashi daidai sawunsa. Ya sayi safa mai kauri. Ya kafa wa kansa dokoki: kada a ɗaure igiya tamau, a riƙa motsa yatsu, a riƙa ɗan lanƙwasa tafiya dama da hagu don nauyi ya riƙa sauya ƙafa, in tafiya ta yi nisa a sauka a taka ƙasa. Duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa inda ya samo takalmin sai ya ji dokokin nan kaf.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, a ƙasar nan takalmi abu ne da ake cirewa. Ana cire shi a ƙofar masallaci, a bakin tabarma, a gaban manya. Silifa ta san da haka, shi ya sa ake zare ta ko ba a sunkuya ba. Na Yusha'u kuwa sai an zauna, an kwance, an sassauta, an ja da hannu biyu. A masallacin unguwa, kafin ya gama cirewa liman ya yi ruku'u.

Wata ranar kasuwa ya dawo daga gonakin can nesa bai sauka ko sau ɗaya ba, ƙafafunsa sun riga sun yi shiru. Ya shigo layin injinan casa, sai ga surukinsa, Malam Dattijo, zaune a kan buhu tsakiyar abokansa 'yan shinkafa. Yusha'u ya gan shi a makare. Ya yi lissafi da sauri: in ya tsaya ya sauke matacciyar ƙafa, ƙasa zai sha a gaban dattawa, in ma bai faɗi ba, kafin ya kwance takalmi kasuwa ta tashi. Lissafin ya fito daidai. Ya ɗaga yatsu biyu daga saman tayarsa ya ce, "Baba, sannu!" ya wuce.

Labarin ya riga shi isa gida. Ya tarar da matarsa Nafisat a tsakar gida tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Injiniya, da gaske ne ka ɗaga wa Baba hannu?"

"Na gaishe shi."

"Kamar ɗan acaɓa ya ga abokinsa."

"Ki tsaya ki ji. In mutum ya daɗe a tsaye a kan feda, jini ba ya kaiwa tafin ƙafa yadda ya kamata. Jijiyoyin da ke nan ƙasa..."

Ta bar shi ya kai ƙarshe. Bayanin ya yi kyau, har da zane a ƙasa da tsinke. Da ya gama ta zuba waken a kwano ta ce, "Na ji. Gobe ka je ka ba shi haƙuri."

Ya ce zai je. Gobe ta zo da aiki. Ya kira wayar Malam Dattijo, ta yi ta ringi ba a ɗaga ba, ya ce wa kansa ai an ga kiran, kira ma rabin zuwa ne. Ya ce ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, wani ma ya bi bayansa. Ranar da ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe, maƙwabciya ce ta miƙo masa mukulli ta saman katanga, tare da kular tuwo mai ɗumi.

"Ta ce a gaya maka miyar tana ƙasa. Ta tafi gida."

Ya ci tuwon, don yunwa ba ta san yaji ba. Amma gidan ya yi masa faɗi. Ya kira ta, wayar a kashe. Ya gano bai san inda ake ajiye ashana ba, ya kuma gano cewa ba ashanar ce ke damunsa ba.

Baffa Maikano, ƙanin mahaifinsa, manomin tumatir ne mai tsohon babur da gajeren haƙuri. Ya saurari labarin yana sakace.

"Yatsu nawa ka ce?"

"Biyu, Baffa."

"Da ɗaya ne da yanzu takardar saki ake nema a wurinka. To, biko za mu je. Dattijo mutumin kirki ne, amma in ya kafe ko tarakta ba ta janye shi. In muka dawo hannu biyu, ka fara saba wa kanka da girki. Ni zan yi magana. Kai naka ka cire takalmi, ka tsuguna, ka kalli ƙasa. Ko cewa aka yi kai ka cinye musu gona, ka ce a yi haƙuri. Kada in ji kalmar jini a bakinka."

"To, Baffa."

"Wannan aljanar kuma ka bar ta a gida."

Ya yi niyyar barinta. Amma da safiyar ranar aka kira shi cewa ruwa ya ɓalle a wata gonar gwaji, ya hau ya je, kafin a toshe rana ta ɗaga. Baffa ya gaji da jira ya yi gaba, ya ce ya same shi a bakin ƙauyen. Gaskiya akwai 'yan acaɓa a bakin hanya, da ya so ya hau. Ya kalle su, suka kalle shi. Sai ya tuna cewa ta bakin kanal an fi kusa, kuma mutum ya je biko a makare ya fi muni a kan ya je a kan taya. Wannan lissafin ma ya fito daidai. Lissafin Yusha'u kullum daidai yake fitowa.

A hanyar nan ya karya dokokinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ja igiyar takalmi tamau don zai yi gudu. Hanyar kuwa tarakta ta bi ta tana da laka, bazara ta zo ta busar da sawun, ta zama kamar bayan kada. Tayar tana tsalle, haƙoransa suna haɗuwa. Ba filin lanƙwasa tafiya: dama kanal cike da ruwa, hagu kwarin shinkafa. Ya wuce masu wankin babur, ya wuce injinan ban-ruwa suna tari, ya ratsa garken shanu da suka ƙi yarda cewa shi abin hawa ne. Wata mata mai tallan fura ta sauke ƙwaryarta ta bi shi da kallo har ya ɓace. Tafin ƙafa ya ɗau zafi, ya ce in ya kai gada zai sauka. Ya kai gada ya ce sai ta gaba. Tsamin ya zo ya wuce. Kafin ya hango rufin kwanon ƙauyen su Nafisat, daga idon sawu zuwa ƙasa ba kowa a gida.

Baffa yana gindin darbejiya a bakin gari, zaune a kan babur. Yusha'u bai iya sauka ba, sai da ya rungumi bishiyar.

"Na ce ka bar ta a gida."

"Baffa, kama ni."

Baffa ya kama shi ya zaunar a kan saiwa. Aka kwance maɗauri, aka kwance igiya, takalmi ya ce bai san zancen ba. Ƙafa ta kumbura a ciki. Baffa ya tattare babbar rigarsa, ya juya masa baya, ya sa takalmin tsakanin cinyoyinsa ya ja.

"Turo ni da ɗayar ƙafar."

"Ban san inda take ba."

"Ga ta nan a bayana, ɗan banza, tura!"

Takalmi ya fito da ƙara, Baffa ya tafi taga-taga. Na biyun ya fi gardama. Da aka zare safa sai ga ƙafafu farare sun yi yamutse, kamar rogon da aka ɓare aka manta a ruwa. Baffa ya daɗe yana kallonsu.

"Ubanka da ƙafa ya je Madobi neman auren uwarka, ya dawo a ranar. Allah Ya jiƙansa, gara da bai ga wannan ba."

Suka tura tayar da takalman bayan wani dannin kara. Yusha'u ya miƙe. Tafiya da ƙafar da ba ka ji sai da ido: ka kalle ta, ka ɗaga, ka ajiye, ka yarda cewa ta sauka. Haka ya bi bayan Baffa.

Sana'ar Malam Dattijo turara shinkafa. A ƙofar gidansa akwai fili, an shimfiɗa manyan tampol baƙaƙe, an baza shinkafa da ɓawonta tana shan rana. Can gefe rabin duro biyu a kan murhu suna tururi, wasu maza biyu suna juye na uku a kan tampol na ƙarshe. Warin dafaffen ƙaiƙayi ya cika wurin. Shi kuma mai gidan yana zaune a tabarma a inuwar katanga, siriri, farin gemu, carbi a hannu.

Baffa ya zare silifa ya hau tabarma. Yusha'u ya tsuguna can nesa a ƙasa, ya sa ido a kan wata tururuwa.

Aka gaisa. An tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi zafi, an tambayi tumatir da tsutsar da ta sauka masa bana. Aka sake gaisawa daga farko. Yusha'u ya miƙa tasa gaisuwar, aka amsa masa da "lafiya" guda ɗaya, busasshiya. Tsugunon ya ƙarasa abin da feda ta fara. Ɗan jinin da ya soma gangarowa ya koma inda ya fito.

Baffa ya yi magana, kuma ya iya. Ya ce yaro ne. Ya ce zaman ƙasar waje yana sa mutum ya manta hannun da ake cin tuwo da shi. Ya ce laifin nasu ne su iyaye da ba su sake masa tarbiyya ba da ya dawo. Ya ce ga shi nan sun kawo shi, a yanka ko a bari.

Malam Dattijo ya ja carbi har ya zagayo.

"Maikano, ni ba gaisuwa nake nema ba. In gaisuwa ce, ina da masu gaishe ni. Amma Alhaji Muhammadu Sani yana zaune kusa da ni ranar. Ka san bakinsa. Ya ce, 'Dattijo, ashe surukin naka babban soja ne, har fareti yake dubawa.' Tun daga ranar, in na shiga kasuwa sai wani ya ɗaga mini yatsu biyu. Jiya har mai shayi."

"Subhanallahi," in ji Baffa, yana danne dariya.

"Yarinya kuwa ban kira ta ba, ita ta zo. Ba zan kore ta ba. Na zauna ina jiran yaron nan ya tako, sai ya aiko mini da ƙarar waya. Yanzu ma kai ka kawo shi. Na dube shi tun da kuka zo, ban ga alamar ya san ya yi wani abu ba. Mutumin da bai san ya yi laifi ba, in na mayar masa da 'yata, gobe ita zai ɗaga wa yatsu."

Tururuwar ta shige rami. Yusha'u ya fahimci cewa wannan ba ja-in-ja ba ne irin na al'ada, da ake yi don a ƙara wa biko daraja. Tsohon da gaske yake.

Malam Dattijo ya kalli rana ya miƙe. "Bari in juya shanya, kada ta ƙone ta sama." Ya naɗe ƙafar wando ya nufi tampol.

Baffa ya juyo ya zare wa Yusha'u ido, ya nuna tampol da haɓa.

Tashin ya zo da sauƙi fiye da yadda ya zata, don ba abin da ke ciwo. Ya naɗe wandonsa ya bi surukinsa. Juya shanya da ƙafa ake yi: mutum ya nutsa sawu cikin shinkafa ya riƙa jansa ba tare da ya ɗaga ba, yana tsaga layi, ta ƙasa tana hawowa sama. Malam Dattijo yana tafe a hankali, hannu a baya, dunduniyarsa duk kaushi kamar bayan bishiya. Ya waiwaya ya ga wanda ke bayansa, ya ci gaba da jan ƙafa.

Yusha'u ya ji daɗin aikin. Jan ƙafa ba ya bukatar a san inda take. Ya kai ƙarshen tampol ya juyo, layinsa ya miƙe sak kamar an ja da igiya. Suka gama na farko, suka gama na biyu. Rana tana tsakiyar ka, baƙin tampol yana mayar da ita sama, ya ga ko tsohon yana ɗan ɗage sawu in ya zo inda shinkafar ta yi shara-shara. Shi ko a jikinsa. Wani abu mai kama da alfahari ya fara tsiro masa.

"Wancan na ƙarshe bar shi," in ji Malam Dattijo. Karo na farko ke nan da ya yi masa magana kai tsaye. "Yanzu aka juye daga wuta. Sai ya sha iska."

"Ba komai, Baba."

Ya shiga. Shinkafar tana tururi, ta rufe masa ƙafa har idon sawu. Mazan nan biyu da ke bakin murhu suka dakata da itace a hannu. Ya tsaga layi ɗaya har ƙarshe. Ya juyo ya kama na biyu. Yana tsakiyar tampol, daidai inda ba gefen da ya fi kusa, jini ya iso.

Minjirya ce ta fara, allurai dubu daga dunduniya zuwa yatsu. Wannan ya san ta, tsohuwar abokiya ce. Amma a bayanta sai ga saƙon da ƙafafun suka tara tun daga tampol na farko ba su sami mai karɓa ba, suka kawo shi gaba ɗaya: zafin rana, zafin tampol, tsinin ɓawo a tsakanin yatsu, da tururin da ke dafa fatar da ba ta taɓa taka abin da ya fi tayil ɗin banɗaki zafi ba. Ya tsaya cak. Tsayuwar ta fi tafiya muni. Ya ci gaba da ja. In ya yi tsalle ya fita yana ihu, an gama. Za a ba da labarin a layin injinan casa har jikokinsa. Ya cije leɓe. Ya hana bakinsa, ya hana ƙafarsa, amma ba wanda ya gaya masa yadda ake hana ido. Hawaye suka ɓalle, ba ɗigo ba, zuba, suna gangarowa ta gemu suna sauka a kan rigar shadda. Hanci ya biyo baya. Kafaɗunsa suna rawa.

A haka ya ƙarasa layin, ya fito a gaban Malam Dattijo. Ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa, ya zube a kan gwiwa.

Tsohon ya sunkuyo ya leƙa fuskarsa.

"La ilaha illallahu. Maikano, zo ka gani."

Baffa ya taso da sauri, ya kalli fuskar, ya kalli ƙafafun da ke ɓoye ƙarƙashin mai su, ya kalli sama.

"Tun a hanya yake haka," in ji Baffa. "Daurewa kawai yake yi."

"Kai, yaro, ya isa. Ya isa haka. Namiji da kuka a gaban mutane?"

Yusha'u ya buɗe baki. Bayanin yana nan a shirye, cikakke, daga jijiya har zuwa fata, kuma gaskiya ne. Ba hankali ne ya hana shi ba, ba kuma gargaɗin Baffa ba. Numfashi ne bai isa ba. Abin da ya samu ya fita shi ne, "Baba... a yi haƙuri."

Malam Dattijo ya dafa kansa. Muryarsa ta sauya. "Na yafe. Wallahi na yafe. Ashe abin yana cinka a ciki. Tashi, tashi ka shiga zaure ka wanke fuska, kada a ce wani abu na yi maka."

Baffa ya ɗaga shi ta hammata kamar mai lallashi, ya kai shi zaure ya ajiye a kan dakali, ya raɗa masa, "Ka ɓoye su," ya koma waje.

Zauren da sanyi. Yusha'u ya ɗago ƙafa ɗaya ya duba. Ta yi ja wur, fatar ta fara tashi a wuri uku. Bai duba ɗayar ba.

Nafisat ta shigo daga cikin gida da buta a hannu ɗaya, babbar roba cike da ruwan randa a ɗayan. Ta ajiye butar a gefensa, don ita aka ce ta kawo. Robar kuma ta tura ta gaban ƙafafunsa da nata sawun.

"Sa su a ciki."

Ya sa. Ya rufe ido. Ya ce, "Kin gani?"

"Ta tagar ɗakin Inna. Tun da ka shigo kana tafiya kamar agwagwa na san ba ka zo da su ba. Inna tana can tana share hawaye, wai ba ta taɓa ganin suruki mai tsoron Allah irinka ba."

"Za ki faɗa musu?"

"In faɗa musu me? Cewa mijina ya dafa kansa?" Ta tsuguna ta leƙa cikin ruwan. "Wa ya ce ka shiga na ƙarshen?"

"Ba kowa. Cewa ma aka yi kada in shiga."

"Haka na zata."

"Nafisat, gidan ba daɗi."

"Ashana tana saman firji."

"Ba ita nake nufi ba."

Ta ɗebo ruwa da hannu ta zuba masa a idon sawu, inda robar ba ta kai ba. Daga waje ana jin Baffa yana dariya, irin dariyar da ake yi in magana ta ƙare lafiya.

"Baba ya ce jibi Gwaggo za ta raka ni," ta ce. "Ba don kukan ba, ni kukan bai ruɗe ni ba. Don ka ƙarasa layin ne. Ina kallo, na ce yanzu zai yi tsalle ya fara bayani." Ta miƙe ta ɗauki butar. "In ka fita kada ka ɗingisa. In Baba ya gane, ni da kai duka mun shiga uku. Akwai man kaɗanya, amma in na ba ka za a ji warinsa."

Ya fito yana taka ƙasa kamar mutum. Kowane taku sai da ya roƙi ƙafar. Ya tsuguna ya yi sallama, yana addu'ar a sallame su daga nan.

Malam Dattijo ya zura silifa. "Mu je in taka muku."

"Haba Malam, ka huta, rana ta yi zafi," in ji Baffa.

"Ina! Baƙi irinku?"

Hanyar tsakuwa ce. Tsohon ba ya sauri. A ƙofar gida na biyu ya tsaya ya kira mai gidan. "Fito ka ga surukina, injiniyan nan. Ka gan shi, ko takalmi ya ƙi sawa a garinmu." Yusha'u ya tsuguna ya gaisar. A gida na gaba ma haka, da majalisar bakin masallaci, inda dattawa suka yi ta sa masa albarka ɗaya bayan ɗaya, ba mai gaggawa. Idonsa ya sake kawo ruwa. Wani tsoho ya ce kai, yaron nan akwai taushin zuciya.

Sai da suka iso gindin darbejiya, inda aka bar babur, Baffa ya sha gaban Malam Dattijo ya rantse ba zai ƙara taku ɗaya ba. Tsohon ya yarda. Ya riƙe hannun Yusha'u cikin nasa biyu, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ɗan daɗe a ƙasan.

"Na yi shekaru ina wannan sana'a," ya ce, "ban taɓa ganin ɗan boko mai ƙafar shanya irin taka ba. Yaran nan nawa sai shinkafa ta huce suke shiga. Ranar Asabar za mu turara da yawa, duro shida. Ka zo da wuri."

Yusha'u ya nemi wani abu a fuskar tsohon, bai samu ba. Ya waiwayi Baffa. Baffa yana duba tayar baburinsa da matuƙar kulawa.

"To, Baba," ya ce. "Allah Ya kai mu."